Batir ko Haidurojin: Wanne Zai Rage Hayaƙin Motocinmu?

Tambaya: Injiniya, ni harkar sufuri nake yi a Kano. Ina da Adaidaita Sahu goma sha biyu da tirela biyu masu zuwa Legas. Yarona da ke jami'a ya matsa mini in koma masu lantarki don a rage hayaƙi da kuɗin mai. Wani abokina kuma ya ce kada in yi gaggawa, wai motar batir yayi ce, mai haidurojin ce za ta gaje ta, tunda ita ruwa kawai take fitarwa a salansa kuma ba ruwanta da NEPA. Wanne ne gaskiya? Mu da ba mu da tsayayyar wuta ina muka dosa?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abokinka ya faɗi abu biyu. Na farko gaskiya ne: ruwa ne kawai ke ɗiga daga salansar motar haidurojin. Na biyun ne ya zame. In dai tsaftatacciyar haidurojin ake nufi, da wutar lantarki ake yin ta, kuma wutar da take ci don tafiyar kilomita ɗari ta kusa ninka ta motar batir sau uku. Wanda ya guje wa batir saboda ƙarancin wuta ya nufi haidurojin, an gudu ne ba a tsira ba.

Mu fara da abin da mutane da yawa ba su sani ba. Duka biyun motocin lantarki ne. Abin da ke juya taya a cikinsu iri ɗaya ne, wato injin lantarki mai naɗin waya irin na fanka ko famfon rijiyar burtsatse, sai dai babba. Bambancinsu yana wurin ajiyar ƙarfi. Ɗaya tana ajiye wutar kai tsaye a batir. Ɗayar tana ɗauke da tankin iskar haidurojin da wani akwati da injiniyoyi ke kira fuwel-sel, wanda ke haɗa haidurojin ɗin da iskar da muke shaƙa, sai ya ba da wuta, ruwa ya zama saura. Ita ma tana da ƙaramin batir a ciki, don akwatin ba ya iya bin ƙafar direba da sauri.

To ina ake samun haidurojin ɗin? Ba haƙo shi ake yi a tura gidan mai kamar ɗanyen mai ba, haɗa shi ake yi. Ka ce wa yaronka ya gwada wannan a gabanka: ya samo kofin gilashi da ruwa, ya zuba ɗan bekin-foda, ya fiƙe fensir biyu ta kowane kai, ya jona kawunansu na sama da ƙaramin batir mai bolt 9, ya tsoma na ƙasan a ruwan. Cikin daƙiƙoƙi za ka ga ƙananan kumfa suna taruwa a bakin fensiran suna tasowa, gefe ɗaya ya fi ɗayan yawa. Gefen da ya fi yawan kumfar shi ne haidurojin. Ka bar shi ya jima, batirin zai mutu, iskar da ta fito kuwa kaɗan ce. Abin da masana'anta ke yi ke nan, da manyan injuna.

Ga lissafin da yunit irin na mitar gidanka. Kafin a raba ruwa a sami kilo ɗaya na haidurojin, ana kashe yunit 50 zuwa 55. Ƙarfin da ke cikin wannan kilo ɗin yunit 33 ne kawai, ka ga tun a nan an yi asarar wajen kashi ɗaya cikin uku. Sannan iska ce mara nauyi ƙwarai, sai an danne ta da matsi mai tsanani kafin ta shiga tanki. Tankin ƙaramar mota yana ɗaukar matsin da ya kai 700 a ma'aunin matsin iska da ake kira "bar", alhali tayar motarka ba ta wuce biyu da ɗan wani abu ba. Dannewar ma wuta take ci. A ɗora a tanka a kai gidan mai, a sanyaya ta kafin a zuba wa mota. A cikin motar kuma, akwatin nan ba ya mayar da fiye da rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin zuwa wuta, sauran zafi ne. In ka tattara, cikin yunit 100 da aka fara da su, wajen 30 ne ke isa taya. A motar batir, 70 zuwa 80 ne ke isa.

Toyota Mirai, wadda ita ce fitacciyar motar haidurojin tun fitowarta a 2014, tana cin kusan kilo ɗaya a kilomita 100. Yunit 55 ɗin da aka kashe wajen yin wannan kilo, da motar batir mai girmanta aka zuba wa, da ta yi kusan kilomita 300. Kamar mutum ne ya ɗebo ruwa a rijiya, maimakon ya kai gida a jarka, sai ya dafa shi ya zama tururi, ya ɗaure tururin, ya je gida ya sake mayar da shi ruwa. Zai isa gida da ruwa, amma ka tambayi itacen da ya ƙone.

Wannan fa maganar tsaftatacciyar ce. Wadda ake sayarwa yau kusan duk daga iskar gas da kwal ake yin ta. A 2023 duniya ta samar da tan miliyan 90 da wani abu, kuma abin da ake yi ta hanya mai tsafta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. In daga gas aka yi, kowane kilo yana sakin wajen kilo 10 na iskar kabon, mai ɗumama duniya, a masana'anta. Direba na ganin ruwa a salansarsa yana murna, hayaƙin kuwa an riga an sake shi a wani gari.

Kasuwa ma ta nuna inda ta karkata. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, in an haɗa da masu batir da injin fetur a haɗe da ake cajawa, fiye da miliyan 11 daga ciki a Sin. Motocin haidurojin kuwa, duk waɗanda ke kan hanya a duniya baki ɗaya ba su kai 100,000 ba a ƙarshen 2023. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka fi ko'ina zuba kuɗi a harkar ƙananan motocin haidurojin a ƙasar, kilo ɗaya ya kai dala 36 a 2023, sannan a Fabrairun 2024 kamfanin Shell ya rufe gidajen mansa na haidurojin na ƙananan motoci a can. Birnin Mwampeliye na Faransa ya shirya sayen bas-bas 51 masu haidurojin, sai a farkon 2022 ya fasa, bayan lissafi ya nuna kuɗin tafiyar da su zai ninka na masu batir wajen sau shida. Honda ta daina yin motarta ta haidurojin mai suna Clarity a 2021. Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da wuta ba yankewa. Gidan man haidurojin guda ɗaya miliyoyin daloli yake ci. Soket kuwa ko a shagon mai aski akwai.

Abin da ya juya al'amarin shi ne faɗuwar farashin batir. A 2010 batirin da zai ajiye yunit ɗaya ya haura dala 1,000. A 2024 ya sauko wajen dala 115. Shekara ashirin da suka wuce, lokacin da ake ta zuzuta haidurojin, batir ya yi tsada kuma ya yi nauyi, don haka maganar abokinka a wancan zamanin tana da kan gado. Labarin ne ya tsufa a bakinsa bai sani ba.

Yanzu mu dawo gida, don a nan tambayarka ta fi nauyi. Akwai masu cewa motar lantarki ba ta rage komai, ta dai kwashe hayaƙin daga salansa ta kai tashar wuta. Wannan ya danganta da inda wutar ta fito, kuma ana iya lissafa shi a bayan ambulan.

Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana ba da wajen kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal wajen 2.7. Mota irin ta gida mai cin lita 9 a kilomita 100 tana sakin kilo 21 ke nan. Wutar layin ƙasa a Najeriya mafi yawanta daga gas take, sauran daga madatsun ruwa na Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Mu ɗauka kowane yunit yana jawo rabin kilo, don kada a ce na yi wa batir sassauci. Motar batir na cin yunit 20 a kilomita 100 har da asarar caji, wato kilo 10. Rabi ke nan. In da sola aka caja, kusan babu. In kuwa aka ce a yi haidurojin da wutar layinmu, yunit 55 sau rabin kilo ya ba ka kilo 27, ya fi na fetur ɗin da ake gudu muni.

Akwai bashin hayaƙi da motar batir ke zuwa da shi daga masana'anta, don haƙo ma'adinai da ƙera batir suna cin makamashi mai yawa. Motar da ake mora kullum tana biyan wannan bashin cikin shekara ɗaya zuwa biyu, daga nan sai riba. Abin hawa na haya, da ba ya hutawa, ya fi kowa saurin biya.

Inda lissafin ke kifewa shi ne janareta. Wani makwabcina ya sayo motar lantarki ta hannu, kyakkyawa, ba ƙara ba girgiza, yara na bin ta da kallo. Unguwarmu kuwa sai a yi kwana biyu taransifoma na barci. Wata rana da daddare na ji ƙaramin janaretansa na ta ruri har bayan sallar isha'i, na leƙa, sai ga waya ta fito daga janaretan ta bi ta ƙarƙashin ƙofa zuwa motar. Na ce ya bar ni in auna. Muka cika tankin janaretan da jarkar lita huɗu, na saƙala ƙaramar mita a wayar, muka zauna a tabarma muna shan shayi. Da man ya ƙare mitar ba ta kai yunit takwas ba. Yunit takwas tafiyar kilomita arba'in ce. Lita huɗu a kilomita arba'in, lita goma ke nan a ɗari, tsohuwar motarsa ta fetur ma ba ta ci haka ba. Ya yi shiru, can ya ce, to ai ko ba komai a hanya ba ta damun kowa da ƙara. Na ce haka ne, mu ne take damu da daddare.

Babban janaretan dizal na masana'anta ya fi wannan kirki, yana cin wajen kashi ɗaya cikin uku na lita a kowane yunit, amma ko shi ɗan abin da zai rage maka kaɗan ne. Saboda haka duk wanda zai sayar maka da abin hawa mai batir, tambayar farko ita ce da wace wuta za a caja shi.

Shi ya sa in ka ji ana misali da Nowe, inda kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu batir ne zalla, ka tuna kusan duk wutarsu daga ruwa take. Habasha da ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a 2024, ta yi haka ne tana kallon babbar madatsarta ta kan kogin Nilu, kuma tana neman tsira da kuɗin waje da sayen mai ke cinyewa. Mu layinmu na ƙasa yana kai-kawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum sama da miliyan 200. Abin da muke da shi a Arewa wanda Nowe ba ta da shi, rana ce. Faranti mai kilowat ɗaya a Kano ko Sakkwato yana ba da yunit huɗu zuwa biyar a wuni, in ana goge masa ƙura. Ba banza ba tashar cajin motoci mai amfani da sola da hukumar ƙera motoci ta ƙasa ta buɗe a 2021, zamanin da Jelani Aliyu ke shugabantarta, aka kafa ta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Jelani shi ne ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka.

To, Adaidaita Sahunka goma sha biyu. A nan ne nake ganin yaronka ya fi abokinka gaskiya nesa ba kusa ba, kuma a nan nake so ka sa ido sosai.

Ɗan sahu ba ya barin gari. Daga Kabuga zuwa Bata, daga Bata zuwa Hotoro, ya dawo, ya kwana a gareji ɗaya. Tafiyarsa duk tsaye-tsaye ce da cunkoso, kuma a nan injin fetur ya fi yin asara, yana shan mai yana tsaye a danja, ita kuwa mai batir in ta tsaya ba ta cin komai, in an taka birki ma wasunsu suna mayar da ɗan ƙarfi cikin batir. Nauyinta kaɗan ne, don haka batirin yunit 8 zuwa 10 ya ishe ta, ba irin na mota mai yunit 50 ko 60 ba. A ce ɗan sahu yana yin kilomita 100 a wuni, yana shan lita huɗu zuwa biyar. In lita tana naira 900, wajen naira 4,000 ke nan kullum. Mai batir za ta ci wajen yunit 10. Ko da farashin wuta na rukunin A, wato Band A, da aka sa a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, kuɗin bai wuce 2,250 ba. Sannan babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu wankin kabureta, babu kuloci. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, wannan lissafin ya daina zama na masu son muhalli kawai, ya zama na mai neman a kawo masa balas cikakke.

Ba sabon abu ake so ka gwada a kanka ba. A Indiya, inda ake ƙero mafi yawan kekunan da muke hawa, fiye da rabin sababbin masu ƙafa uku da ake sayarwa yanzu masu batir ne. A Kigali, kamfanin Ampersand ya kafa wuraren musayar batir ga 'yan acaɓa: ka zo da wanda ya ƙare, a zare, a sa maka cikakke cikin minti biyu ko uku, ka biya kuɗin wutar, batirin na kamfani ne. Gwamnatin Ruwanda ma ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025. Spiro na yin irin wannan a Benin da Togo, ya kuma shigo Najeriya. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir. A manyan bas kuma, birnin Shenzhen na Sin ya mayar da bas ɗinsa sama da 16,000 masu batir tun ƙarshen 2017, Dakar ta buɗe layin bas masu batir a 2024. Ka lura duk abubuwan hawa ne masu sananniyar hanya da makwanci ɗaya.

Akwai wata riba da ba ta shiga lissafin kabon. Hayaƙi iri biyu ne. Akwai wanda ke ɗumama duniya, ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Akwai kuma wanda ke shiga ƙirji, baƙin nan da ke sa ido ruwa in ka tsaya a shataletale da la'asar. Na farkon, kason Najeriya a duniya ƙarami ne, ko da yake ƙasar ta yi alƙawari a taron Gilasgo na 2021 cewa za ta kai matsayin ba-ci-ba-bashi a hayaƙi, wato kada abin da take saki ya wuce abin da ake tsotsewa, nan da 2060. Na biyun kuwa namu ne mu kaɗai, mai tallan ruwa da ɗan KAROTA da direbanka su ke shaƙarsa daga safe zuwa dare. Keke mai batir, ko da wace wuta aka caja shi, ya ɗauke wannan daga bakin hanci.

Sai dai ka shiga da ido buɗe, don batir shi ne rabin kuɗin abin, kuma babban abokin gabarsa zafi ne. Motar batir ta Nissan Leaf ta farko ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa, kuma a 2012 masu ita a jihar Arizona mai zafi suka fara kukan batir na raguwa da wuri. Zafin Afrilu a Kano ba ya jin kunyar na Arizona. Don haka ka nemi batir irin wanda ake kira LFP. Ya ɗan fi nauyi, amma ya fi jure zafi, ya fi yawan zagayen caji, yana kai dubbai, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma ba a sa masa kobal, ma'adinin da wajen kashi 70 cikin ɗarinsa ke fitowa daga Kwango da duk rigingimun da ke tattare da haƙarsa. Kada a yaudare ka da mai batirin dalma irin na mota don araha. Shekara ɗaya ko ɗaya da rabi zai fara kasawa a aikin haya, araha ba ta ado. Ka tambayi garanti a rubuce, shekara nawa ko kilomita nawa, kuma wa zai duba shi a Kano in ya lalace. Bakanikenka na yanzu ba zai iya ba, aikin ya fi kusa da na mai riwaya da masu haɗa inbata. Wurin caji ya kasance a inuwa, mai shan iska, kada a jona batir yana dawowa daga aiki da zafinsa, kada kuma direba ya tafi da shi ɗakin kwana ya jona da wata caja ta kasuwa. Gobarar batir ba ta jin bokitin ruwa ɗaya.

Wata matsalar da masu talla ba sa faɗa: rana tana fitowa ne lokacin da ɗan sahu ke kan hanya. In ka ce da sola za ka caja da dare, sai ka sayi wani batirin na ajiya, kuɗi ya ninku. Maganinta batir biyu ga kowane keke, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana a gareji, a yi musaya lokacin azahar. Kekuna goma sha biyu a yunit goma-goma, yunit 120 ke nan a wuni, wato farantai na kilowat 25 zuwa 30. Rufin gareji matsakaici zai ɗauka.

Tirelolinka kuwa, a nan ne masu haidurojin ke da hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Kano zuwa Legas wajen kilomita dubu ne. Tirela mai batir tana cin sama da yunit 100 a kowane kilomita 100. Mercedes eActros 600, wadda aka fara ƙerawa don kasuwa a ƙarshen 2024, tana ɗauke da batirin yunit sama da 600, nauyinsa tan huɗu da wani abu, tana yin wajen kilomita 500 kafin caji, a kan titin Turai mai santsi da lodin da doka ta yarda. Kai ka san irin lodin da ake ɗora wa taka. Kowane tan na batir tan ɗaya ne na kaya da aka rage maka. Tankin haidurojin ya fi sauƙin nauyi kuma ana cika shi cikin mintuna, shi ya sa Hyundai ta kai tirelolin haidurojin Suwizalan tun 2020. Amma ko a can abin bai yaɗu ba saboda tsadar iskar, kuma Nikola, kamfanin Amurka da ya fi kowa cika baki a kan tirelar haidurojin, ya durƙushe a Fabrairun 2025. A Turai doka ta tilasta wa direba hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, sai masu batir suka ce to a wannan hutun za mu caja. A Sin kuma manyan motoci masu batir sun fi yawa a ma'adanai da tashoshin jiragen ruwa da masana'antun ƙarfe, wasu ma ɗaga batirin ake yi da ƙugiya a sa wani.

Mu a hanyar Legas, yau babu ko ɗaya daga cikin biyun. Cajar tirela guda tana jan kilowat 400, kusan abin da taransifomar unguwa guda ke ɗauka. Ka ƙiyasta tirela goma sun tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos suna caji lokaci ɗaya. Gidan man haidurojin kuwa ko ɗaya babu a hanyar. Abin da ke hannu shi ne iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta sa gaba tun 2023, an kuma fara shimfiɗa bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614 tun 2020. Tana rage baƙin hayaƙi sosai da kuɗin mai, amma ragin kabon ɗinta matsakaici ne, wajen kashi 20 cikin ɗari in an gwada da fetur, ƙasa da haka in da dizal, kuma in tana yoyo ribar ta tafi, don ita kanta iskar tana ɗumama duniya fiye da kabon. Ka ɗauke ta a matsayin zango a hanya. Ni da za a tambaye ni, kayan da ke tafiyar kilomita dubu jirgin ƙasa ya kamata ya ɗauka, amma na san ba mai tirela ake gaya wa wannan ba. Kafin nan, gyaran nozul, iskar taya daidai, rage gudu da daina barin inji na aiki a tsaye duk dare, suna rage dizal fiye da yadda direbobi ke yarda.

Kada ka fahimce ni cewa haidurojin ba shi da amfani. Takin yuriya da manomanmu ke sa wa masara da shi ake yi, masana'antar Ɗangote a Lekki da ta Indorama a Eleme duk daga gas suke ciro shi. Matatun mai ma suna amfani da shi, ana kuma gwada shi wajen narka ƙarfe maimakon kwal. A waɗannan wuraren batir ba zai iya maye gurbinsa ba, don sinadarin kansa ake buƙata. In ranar ta zo da muka iya yin tsaftatacce da hasken rana, can ya kamata ya fara zuwa.

Da ni ne kai, Alhaji, kekuna biyu zan fara da su, in bar goma yadda suke. In ba direbobi biyu masu amana, in sa mita a wurin cajin, in ba yaron nan naka littafi ya riƙa rubuta kilomita da yunit da balas na kowace rana, gefe guda kuma ya rubuta na masu fetur biyu da ke bin hanya iri ɗaya. Ka tabbata gwajin ya ratsa Maris da Afrilu, ya kuma taɓa damina, don ka ga yadda wayoyin ke yi in ruwa ya kwanta a titi. In dillalin ya ce batirinsa na yin kilomita 120, ka sa a ɗauki fasinja cikakku a gwada a gabanka da rana tsaka, kafin ka ba da ko sisi.